Ya Haƙuri? Nazari a Kan Ta'aziyya da Jaje a Ƙasar Hausa

Wanda duk yake son ya san yadda Bahaushe ya ɗauki wahala da musiba, da inda ya ajiye Ubangijinsa a cikin al'amarin, ba sai ya fara da manyan littattafan tauhidi ba. Ya je ƙofar gidan da aka yi rasuwa. A kan tabarmar makoki ake bitar darasin da malami da almajiri, attajiri da ɗan dako, duk suka haddace tun suna ƙanana, kuma jimlolinsa ba su da yawa. Da su ake tarbar mutuwar tsohon da ya ga jikoki da tattaɓa-kunne, da su ake tarbar ta jaririn da ba a kai ga raɗa masa suna ba. Idan kuma ba rai aka rasa ba, gobara ce ta cinye rumfa ko ɓarayi suka kore shanu, sai a ce za a je jaje, amma zuciyar maganar ɗaya ce.

Ga yadda abin yake a wajen maza. An dawo daga maƙabarta, ƙafafu duk ƙura, an shimfiɗa tabarmi a inuwar zaure ko a ƙarƙashin rumfa. Mutum ya iso, ya tuɓe takalmi, ya yi sallama ƙasa-ƙasa, ya samu gefe ya zauna. Wani dattijo ya ce a yi salati ga Annabi, a karanta Ƙulhuwallahu, a yi Fatiha, a shafa. Sai baƙon ya matsa kusa da mai rashin, ya miƙa hannu biyu: "Alhaji, ya muka ji da haƙuri?" Shi kuma ya amsa: "Haƙuri da godiya." Daga nan addu'o'in suka biyo juna. Allah Ya ji ƙansa, Allah Ya sa ya huta, Allah Ya sa can ta fi masa nan, Allah Ya kai haske kabarinsa. Kafin ya miƙe sai ya haɗa da kansa: in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Ba a jan zance. Wani ma bai fi minti biyar ba ya tashi, ya bar wa na bayansa wuri.

Abin lura a cikin wannan ɗan gajeren zama shi ne babu wanda aka bari a waje. An roƙa wa mamaci rahama, an roƙa wa iyalansa dangana, mai gaisuwa kuma ya shigar da wuyansa cikin layin masu jiran tasu ranar. Don haka ba ya magana kamar wanda ya tsira yana tausaya wa wanda abin ya faɗa wa. Cewa yake yi: yau kai ne, gobe ni ne. Kuma kowace irin mutuwa da kalmar da aka tanadar mata. Uwar da ta rasa jinjiri ana ce mata, "Allah Ya sa mai ceto ne, Allah Ya ba da rayayye." Macen da ta rasu a kan gwiwa ana ce ta yi shahada, haka wanda ruwa ya ci ko gini ya faɗa wa, kuma wannan yana da tushe a hadisi. Matar mamaci da za ta shiga takaba ta wata huɗu da kwana goma, mata 'yan'uwanta ne suke zagaye ta a cikin gida, su kwana tare da ita, su riƙe mata yara.

Tushen wannan duka yana cikin karatun zaure. Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wadda ɗalibi yake kaiwa bayan ya wuce Ahalari da Ishmawi da Iziyya, tun a babinta na aƙida ta sa imani da ƙaddara, mai daɗinta da mai ɗacinta, cikin abin da ya wajaba Musulmi ya ƙudurta. Wanda bai taɓa buɗe Risala ba ma ya ji ƙissar Annabi Ayuba, wanda ya rasa dukiya da 'ya'ya da lafiya bai juya wa Ubangijinsa baya ba, ya kuma ji ta Annabi Yaƙubu da rabuwarsa da Yusufu. Darasin da jama'a suka tsinta a ƙissoshin nan yana da nauyi ƙwarai: wahala ba hujja ba ce ta cewa Allah Yana fushi da bawa. Annabawa su suka fi kowa shan jarrabawa. Saboda haka gurgu da makaho da wadda ba ta taɓa haihuwa ba, babu mai ikon ce musu wani zunubi suke girba. Gaskiya ne bakin mutane yakan zame, a ji ana raɗa cewa alhakin wane ne ya kama wane. Amma ba a faɗin haka a kan tabarmar makoki, kuma wanda ya faɗa shi ake gani da rashin hankali.

Akwai wani aiki da kalmar ƙaddara take yi wanda ba a cika yaba mata a kai ba, ni kuwa ina ganin yana cikin mafi girman alherinta. Kafin Musulunci ya yi jijiya, da ma bayan ya yi, Bahaushe yana da wata hanyar fassara musiba: an sa hannu. Yaro ya yi zazzaɓi ya sheme, sai a ce mayya ta kama kurwarsa. Amarya ta yi ɓari, sai ido ya koma kan uwargida. Ɗan kasuwa ya karye, sai a ce sammu ne ko kambun baka. Wa ake nunawa da yatsa a irin wannan hali? Kusan kullum mai rauni ne: tsohuwar da ba ta da ɗa namiji a gari, kishiyar da miji ya juya wa baya, baƙuwar da ba ta da dangi kusa. Idan liman ko babban gida ya ɗaga murya ya ce, "Kwana ne ya ƙare, ko ba ciwo sai ya tafi," ya rufe ƙofar wannan zargi. Gidaje nawa ne suka zauna lafiya, zumunci nawa ne bai tsinke ba, albarkacin wannan jimla ɗaya! Mai sukar Hausawa da cewa sun cika jingina komai ga ƙaddara ya kamata ya fara tuna abin da ake jingina wa musiba a inda ba a ambaci ƙaddarar ba.

Inda al'adar ta fara yi wa mutane tsanani shi ne wajen hawaye. Namiji ba ya kuka a gaban jama'a. Uwar da ta rasa ɗan fari, kunya da kara sukan hana ta nuna abin da yake cin ta, sai ta shige ɗaki ta haɗiye. Wadda ta kasa daurewa kuwa, nan take za a ce, "Haba Yaya, kuka ba shi da amfani, addu'a yake buƙata," wani lokaci har a tsorata ta da cewa hawayenta azaba ne ga mamaci. Abin da shari'a ta hana daban ne: kururuwa, da marin fuska, da yaga tufafi, da furta maganar da take nuna ƙin hukuncin Allah. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye lokacin da ɗansa Ibrahim yake barin duniya, ya kuma bayyana wa sahabin da ya yi mamaki cewa wannan jinƙai ne. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, Alƙur'ani kuma bai zarge shi ba.

Magabatanmu na kusa sun san wannan sarai. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1793–1864) ta yi marsiyyoyi masu yawa, ciki har da ta ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ya rasu a 1837, da ta mijinta Waziri Giɗaɗo, da ta aminiyarta A'ishatu. A wadda ta yi wa A'ishatu da Larabci ba ta ɓoye kaɗaicinta da zubar hawayenta ba, ta ma kafa hujja da cewa Annabi bai hana kukan tausayi da bege ba, ihu ya hana. Malama ce da ta san hukunci fiye da masu hana mata kuka a yau, ta miƙa wuya ga Allah, ta kuma yi kukanta a rubuce don na baya su karanta. Ban ga dalilin da zai sa a nemi wata baiwar Allah a ƙauye ta fi Nana Asma'u dauriya ba.

An daɗe ana jayayya a kan sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, musamman tun da aka kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, wadda ta ɗauke su bidi'a, yayin da mutanen ɗariƙu suke ganin sadaka ce da addu'a da ladansu yake isa ga mamaci. Wannan gardama ta sha tawada, ba zan ƙara mata ba. Abu ɗaya dai kowane ɓangare ya yarda da shi: lokacin da labarin shahadar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya iso Madina daga Mu'uta, umarnin da Annabi ya bayar shi ne a dafa wa iyalansa abinci. Maƙwabta ne suke ciyar da gidan makoki. Inda aka juya abin, marayu suka koma cin bashi don ciyar da masu zaman makoki, an bar sunna ko da wane suna aka kira taron.

Matsalar da ta fi damuna tana wani wuri. Jimlolin ta'aziyya an gina su ne don musibar da ta sauko daga sama, wadda ba hannun kowa a ciki: tsufa, ajali, fari, cutar da ta gagari magani. To amma yawancin manyan makokin da ƙasar Hausa ta zauna a shekarun nan akwai hannun ɗan Adam a cikinsu dumu-dumu. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, saboda ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, yara suna wasa a cikin ƙurar. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari da ke Ɓagwai a Jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya da za su je Maulidi, kuma an yi wa jirgin lodi fiye da ƙima. A daren 3 ga Disamba 2023 jirgin soja maras matuƙi ya jefa bam a kan masu taron Maulidi a Tudun Biri ta Ƙaramar Hukumar Igabi a Jihar Kaduna. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ce mutum 85 aka binne, rundunar sojan ƙasa kuma ta amsa cewa kuskure ne. Ban da waɗanda 'yan bindiga suke kashewa a gona da kan hanya, da matan da suke mutuwa wajen haihuwa saboda babu jini, babu mota, babu ma'aikaciya a kusa.

Duk waɗannan ƙaddara ce, babu Musulmin da zai musa. Kuma uwar da ta rasa 'ya'ya a Watari tana buƙatar ta ji cewa shahidai ne, domin ba abin da zai riƙe zuciyarta a daren farko sai wannan. Amma a duba bakin da maganar take fitowa. Idan maƙwabcinta talaka ya ce, "Inna, sai haƙuri, haka Allah Ya so," ya ba ta abin da yake da shi ke nan. Idan kuwa wanda aka damƙa wa amanar gina gada, ko sa ido a kan lodin jirage, ko ajiye jini a asibiti, ya zo da jerin motoci da buhunan shinkafa, ya zauna a kan tabarmar nan ya ce a ɗauki ƙaddara, to ya ari kalmar Allah ya yi garkuwa da ita. Kuma ladabin makoki yana taimaka masa, domin ba a gardama a wurin, ba a ɗaga murya, ba a tambayar baƙo. Mai rashi zai ce "mun gode," a shafa Fatiha, motoci su tashi. Bayan kwana uku a naɗe tabarmi, magana ta mutu.

Wannan fahimta ba ita ce ta sahabbai ba. Wajen shekara ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, ya samu labari a hanya cewa annoba ta ɓarke a can, wadda tarihi ya sani da annobar Amwas. Ya yi shawara, ya yanke cewa a koma Madina. Abu Ubaida ɗan Jarrah ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Umar ya nuna masa cewa komawar ita ma ƙaddarar Allah ce, ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk gefen da ya kai raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kai su, amma mai hankali ya san wanda zai zaɓa. Abu Ubaida ya zauna tare da rundunarsa a Sham, annobar kuma ta yi ajalinsa. Ba wanda ya taɓa cewa imanin Umar ya gaza don ya yi rigakafi. Aƙidar Ash'ariyya da malaman ƙasar nan suka karantar ɗaruruwan shekaru, ta hanyar littattafai irin su Ummul Barahina ta Sanusi, ta tsaya a kan cewa Allah ne Mahaliccin komai, bawa kuma ana kama shi da abin da ya aikata da zaɓinsa. Wanda ya ce tun da an rubuta to ba laifin kowa, ya koma mazhabar Jabariyya ko bai san sunanta ba.

Masu jihadin Shehu ma ba su karanta ƙaddara ta wannan fuska ba, in da sun yi haka da ba su bar Ɗegel ba a 1804. Kitabul Farƙi, wanda ake danganta wa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya jera zaluncin sarakunan zamaninsa ɗaya bayan ɗaya, har da ƙwace dukiyar wanda ya mutu a ƙasarsu da sunan gado. Waƙar Tabbat Haƙiƙa, wadda Shehu ya yi da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, gargaɗi ce mai zafi ga mai mulki da alƙali da duk wanda ya ci haƙƙin talaka, kuma an yi ta ne bayan an ci nasara, wato da nasu mutanen ake. Gidan da ya koya wa ƙasar nan marsiyyar dangana shi ne gidan da ya koya mata kiran azzalumi da sunansa. Mun riƙe gado ɗaya da hannu biyu, ɗayan mun sake shi.

Tambayar da ta fi kowace wuya, wadda ba a yin ta da ƙarfi amma tana cikin ƙirjin duk wanda aka kashe wa ɗa a gona, ita ce: me ya sa Allah Ya bar azzalumi yana yawo? Amsar Bahaushe ita ce talala aka yi masa, igiya ce mai tsawo amma tana da iyaka, kuma akwai ranar da za a tsaya. Daga nan "Allah Ya isa" ta fito. Kalma ce ta wanda ba shi da kotu, ba shi da dogari, ya ɗaukaka ƙara zuwa inda ba a cin hanci. Har yau akwai masu ƙarfin da suke jin tsoronta fiye da sammaci, kuma ba na raina ta ko kaɗan. Ita ta hana mutane da yawa haukacewa ko ɗaukar makami. Sai dai ta halatta ne ga wanda ya rasa yadda zai yi. Malamin da yake da mumbari, da ɗan majalisa, da mai unguwa, da ɗan jarida, idan suka tsaya a kan "Allah Ya isa" alhali suna da bakin magana a duniya, sun bar aikinsu ne suka shiga rigar marayu.

Ita kanta jana'izar Bahaushe ba ta yarda mutuwa ta share haƙƙi ba. Kafin a ɗauki makara akan kira mata da 'ya'ya su zo su yi wa mamaci addu'a, a roƙe su su yafe masa. Bayan an idar da salla, ko a bakin kabari, wani daga cikin dangi yakan miƙe ya ce, "Jama'a, duk wanda yake bin marigayi bashi, ko marigayi yake bin sa, ya ga Malam wane." Ana yin haka ne don an san Annabi ya taɓa janyewa daga sallatar wani mamaci saboda bashin da yake kansa, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Jama'ar da take tsayar da jana'iza saboda bashin 'yan kuɗi kaɗan da ake bin mamaci, bai kamata ta yi shiru a kan bashin ran da mamacin yake bin masu rai ba.

Shari'a kuwa ta yi wa wannan bashi suna da adadi. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta yi hukunci a kan kisan kuskure, wato wanda ba a yi niyya ba, wanda kowa zai kira tsautsayi. Duk da haka ta wajabta abu biyu: diyya da za a miƙa wa iyalan mamaci, da kaffara a kan wanda ya yi kisan, 'yanta baiwa ko bawa mumini, in bai samu ba ya yi azumin wata biyu a jere. Littattafan Malikiyya sun ƙayyade diyyar da raƙuma 100, ko dinari 1,000 na zinariya ga mutanen da zinariya ce kuɗinsu, kuma dangin mai laifin na wajen uba ne suke haɗuwa su biya. Risalar nan da ta buɗe da imani da ƙaddara, ita ce a gaba ta zo da babin hukunce-hukuncen jini da haddi, marubucinta bai ga karo tsakanin biyun ba.

Ayar ta bar ƙofar yafiya a buɗe, ta kira ta sadaka, kuma yafiya hali ne na manya. Amma sadaka sai da abin da mutum ya mallaka. Abin da ake gani a garuruwanmu shi ne, mota ta take magidanci, direba da masu motar su zo da dattawa ranar sadakar uku, kafin su gama zama wani baffa ko kawu ya ce, "Mun yafe, Allah ne Ya kawo, ba ma cin kuɗin jini." Jama'a su yi ta sa masa albarka. A cikin gida kuwa ga mace mai takaba da yara biyar, ba wanda ya leƙa ya tambaye ta. Diyya gado ce, ana raba ta yadda ake raba sauran abin da mamaci ya bari: matar tana da tumuninta, uwa da uba suna da sudusinsu, sauran na 'ya'ya ne. Baligi yana iya yafe rabonsa shi kaɗai. Rabon maraya kuwa, waliyyinsa ba shi da ikon kyautar da shi, balle baffan da in akwai ɗa namiji ko ƙwandala ba ta zuwa hannunsa a gadon.